Ranar da Za a Tambayi Arɗo Sunan Ɗansa

Bagudo.

Zuwa ga 'Yar Kaoje,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a ɗakin da aka sauke ki da hanyar da kike bi zuwa wurin aiki, ya haɗa ki da mutanen kirki a bakin iyakar nan. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida ba zan sa shi nan ba, tana ba ki shi a waya fiye da yadda kike buƙata. Ni kin san wayata: lafiya, lafiya lau, Allah ya yi albarka, sai in miƙa mata. Abin da ke raina ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na koma ga abin da na iya, na ɗauki biro.

Tun da kika tafi hankalina bai kwanta ba, kuma ba hanya ko masauki ke damuna ba. Aikin ne. An ɗauke ki tafinta kuma mai rubuta bayanin zama ga kwamitin da zai saurari maganar mutanen da aka tsare a iyaka ba su da takarda. Mutum zai yi magana da Hausa ko Fulatanci, ki mayar da Turanci, sannan ki zauna ki rubuta. Abin da kika rubuta shi za a kai Birnin Kebbi gaban mutanen da ba za su taɓa ganin fuskar mai maganar ba. Su takarda kawai za su gani, a kanta za su ce a saki wane, a ci gaba da riƙe wane.

Cikin waɗanda za a fara da su akwai Bello, ɗan Arɗo Sambo na rugar bayan Lafagu, Arɗon nan da matarsa ke kawo mana nono tun kina rarrafe. Kin san yadda aka yi. Bello ya dawo da shanu daga ɓangaren Benin da ruwa ya sauka, kamar yadda suke yi kowace shekara, aka tare shi, ba katin shaida a jikinsa, aka ce baƙo ne ya shigo. Yanzu an kira uban ya zo ya tabbatar cewa ɗansa ne, haifaffen nan. In shaidar ta karɓu, Bello ya koma ruga wurin matarsa da ke da tsohon ciki. In ba ta karɓu ba, ban san inda za a kai shi ba, kuma Arɗo ma bai sani ba.

Kafin ki tafi kin nuna mini shafin gwaji da kika rubuta a wurin horo. Turancinki ya yi kyau, ban samu abin gyara a nahawu ba, na kuwa duba da idon tsohon ɗan jarida mai neman laifi. Amma akwai layi ɗaya da na tsaya a kansa ban ce miki komai ba, saboda motar tana jira kuma Innarki ta fara share hawaye. Kin rubuta cewa mutumin was reluctant to say where he slept, wato ya yi nauyin bakin faɗar inda ya kwana. Wannan layin ne ya hana ni sakewa.

Bari in faɗi abin a fili. A Turanci, aikatau na magana, irin su to say, to answer, to admit, to deny, ba kasafai suke tafiya su kaɗai ba. Akwai gurbi a gabansu, akwai gurbi a bayansu. A gaba sifa ke zama: quick to deny, mai saurin musantawa, slow to answer, mai jinkirin amsawa, unwilling to say, wanda ba ya son faɗa. A baya kuma bayanau ke zama: to say angrily, ya faɗa cikin fushi, to answer calmly, ya amsa cikin natsuwa. Wani lokaci bayanau ɗin yakan kutsa tsakiya, kamar to flatly deny, abin da editocin zamaninmu ke ta da jijiyar wuya a kansa har shayi ya huce. Duk wannan kin fi ni saninsa, kin baro aji ba da daɗewa ba. Abin da ba a faɗa a aji shi ne wannan: maganar da ke bayan aikatau ta mutumin ce, amma kalmar da ke cikin gurbin nan taki ce. Shi bai ce yana jin nauyin baki ba, bai ce yana fushi ba. Ke kika dube shi kika yanke. Mai karatu kuwa ba ya rarrabewa, yakan haɗiye naki da nasa a loma ɗaya. Kuma Turanci yana sa gurbin ya yi daɗin cikawa. Jimla takan fi zama daram in an cika shi, har mutum ya ji kamar ya ƙware.

Na cika gurbin nan sau da yawa a shekarun da na yi ina aika wa jarida labari daga yankin nan. Zan ba ki kaɗan daga inda na yi kuskure, don ki ga yadda abin yake zuwa. Ba ya zuwa da kamar mugunta. Da kamar iya aiki yake zuwa.

Na farko wani masunci ne a gaɓar Kwara, wajen Kaoje, ana ce masa Tunau. An yi taro a kan tarunan da aka ƙwace wa masunta a ƙetare, ya tashi ya yi magana. Muryarsa ta cika rumfar, har yaran da ke bakin hanya suka juyo. Na rubuta cewa he went on to say angrily a maido musu da kayansu. Labarin ya fita, wani ya karanta wa manya, da aka zo zaɓen waɗanda za su je neman sulhu aka ce ban da Tunau, mai zafin kai ne, zai ɓata magana. Alhali shi ne ya fi kowa sanin mutanen ƙetaren, yana jin harshensu, Dandanci, kamar a can aka yanke masa cibi.

Bayan an kwana biyu na je mashigin jirgi, sai na ji an kwaɗa mini kira daga tsakiyar ruwa.

"Ɗan jarida! An ce ka ce na yi hushi! Yaushe?"

Na jira ya kawo kwalekwalen gaɓa, na ce, "Ai muryarka ce, Malam Tunau, ta tashi ƙwarai."

Ya yi dariya da irin muryar da ta jawo masa. "Wagga murya? Da ita nika gaida uwata da sahe! Kai in an haihe ka cikin jirgi, ƙanenka na waccan gaɓa kai kana wagga, da raɗa za ka ce mai ya kawo taru?"

Bai riƙe ni ba, har kifi ya ba ni. Amma tafiyar sulhun an yi ta ba da shi ba, kuma tarunan ba su dawo ba a shekarar. Ko da ya je za su dawo? Ban sani ba. Abin da na sani shi ne kalma ɗaya tawa ta cire shi daga jirgin. Don haka ki riƙe wannan: ƙarfin murya ba fushi ba ne, sanyin murya ba gaskiya ba ce. Mutanen ruwa da ƙarfi suke magana, mutanen ruga ƙasa-ƙasa. In lalle sai kin faɗi yadda aka yi maganar, faɗi abin da kunnenki ya ji: ya ɗaga murya. Kada ki faɗi abin da ke zuciyarsa, ba ki shiga ba.

Na biyu ya fi wannan ciwo, don ni ma haka nake amsawa in an tambaye ni. Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, na je wani ƙauye ƙasa da Kaoje na tarar da wani dattijo tsaye a kan tudun da ya rage, gonarsa duk ta zama tafki. Na ce, "Baba, ya ɓarna?" Ya ce, "Da sauƙi, mun gode Allah." Na koma na rubuta cewa manomin was quick to say ɓarnar kaɗan ce. Kowace kalma a jimlar za a iya kare ta: ya faɗa da sauri kuwa, kuma ya ce da sauƙi. Amma ke da ni mun san abin da mutumin ƙasar nan yake nufi in ya ce da sauƙi. Majinyacin da ke gargara ma da sauƙi ake ce masa. Ba kimanta asara yake yi ba, ladabi yake yi wa Ubangiji, kuma yana ƙin ya yi kuka gaban baƙo. Na saka masa quick, sai ya zama kamar mutumin da ya matsu ya sanar da duniya cewa ba ya buƙatar komai. Masu rabon iri sun karanta, suka fara da wasu ƙauyuka. Lokacin da aka iso nasu, lokacin shuka ya wuce.

Editanmu na lokacin, mutumin kudu ne mai kirki, da na gaya masa sai ya ce, "To me ya sa bai faɗi gaskiya ba?" Na ce ya faɗa, ni ne ban kai ta ba. Da na yi wa dattijon tambaya ta biyu, in ce Baba, cikin gonakinka wacce ta tsira, da ya nuna mini ruwa ya ce babu. Mutanenmu ba sa ɓoye asara in an tambaye su abu takamaimai. Tambayar gaisuwa ce suke amsawa da amsar gaisuwa. Za ki ji da sauƙi, ba komai, sai godiya, a gaban kwamitin nan har ki gaji. Ki fassara su yadda suke, sannan ki nemi izinin shugaban zama ki ce wannan amsar gaisuwa ce, a sake tambaya a kan abu guda.

Kada ki ɗauka kuskuren kullum wajen ɓata mutum yake. Na taɓa gyara wani. Wani dillalin shanu ne mai daɗin baki, muna shiri, aka zarge shi da sayar da abin da ba nasa ba. Na rubuta cewa he was happy to explain, ya yi farin cikin yin bayani, kuma ya amsa calmly. Har na buɗe maganarsa da to be honest, wato a gaskiya, abin da bai ce ba, don kawai na ji jimlar ta fi daɗi. Daga baya ta tabbata ya aikata. Ni na ara masa rigar gaskiya da hannuna, mai shanun kuwa, da ya yi ta in-ina don takaici, na ce slow to answer. Na kawo miki wannan ne saboda na san zuciyarki. Kin sha nonon gidan Arɗo, za ki so ki taimake shi da kalma mai daɗi. Kada ki yi. Ranar da aka gane tafinta tana yi wa wani kwalliya, duk abin da ta rubuta ya zube, har na gaskiyar. Tun ma kafin a fara, ki gaya wa shugaban zama cewa kin san dattijon nan, gidanku yana sayen nono wurinsu. In ya ce wani ya karɓe ki a wannan shari'ar, ki ba da wuri, amma ki faɗa wa wanda ya karɓe ki abin da zan gaya miki yanzu.

Ga wanda ya sa na rubuto.

Ina tsakiyar ƙarfina a aikin, aka kama wani saurayi makiyayi a wani ƙauyen iyaka bisa zargin yana cikin masu kore shanun mutane. Uban ya zo belinsa, ni kuma ina wurin don labari. Jami'in ya tambaye shi, "Ɗanka ne?" Ya ce e. "Yaya sunansa?" Dattijon ya sunkuyar da kai, ya juya sandarsa a ƙasa, ya ce, "Yaron ne dai." Aka sake tambaya. Ya ce, "Shi ne, wanda kunka riƙe." Aka tambaya har jami'in ya buga tebur. Dattijon ya dubi ƙofa kamar mai neman wani ya shigo ya cece shi, bai faɗa ba. Aka sallame shi.

Na rubuta cewa mutumin da ya ce shi ne uban was unwilling to name the suspect, ya ƙi faɗar sunan wanda ake zargi. Aka buga. Wanda ke sama da jami'in ya karanta, ya ce ko dai ba ubansa ba ne, ko yana ɓoye wani abu. Saurayin ya zauna a tsare har aka yi girbi, sai da baffansa ya dawo daga mashekari, inda ya kai shanu kiwo, ya zo ya faɗi sunan, aka bincika aka ga ba shi da hannu.

Ɗan farinsa ne. Abin kenan kawai. Bafulatani na ruga ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ko da wuƙa a wuya, mu ma Hausawan da muka tashi a hannun tsofaffi haka muka gada. Abin da nake so ki lura da shi ba jahilci ba ne, don ni ba baƙo ba ne. A Bagudo aka haife ni. Kakarki ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba har ta koma ga Allah. Da a zaure aka yi wannan tambayar da Hausa, da ni zan fara cewa, haba, ku bar dattijo, ɗan fari ne. Amma ina zaune da littafin rubutu a cinya, kaina yana lissafa jimla da Turanci, sai na ga abin da Turancin ya saba gani: an tambayi mutum, ya ƙi amsawa. Kalmar ta zo da kanta ta zauna a gurbinta, ta yi daidai kamar an auna. Wannan shi ne kuskuren irinmu, 'yan boko na ƙasar nan. Mun san al'ada sarai muddin muna tunani da harshen gida. Da mun juya zuwa Turanci sai mu bar ta a bakin ƙofa tare da takalma. Baƙo in ya yi, bai sani ba ne. Mu muna sani muke mantawa, kuma mu aka fi yarda da mu, don ana cewa ai ɗan gari ne ya rubuta.

Bello ɗan farin Arɗo Sambo ne.

Arɗo ya zo gida bayan tafiyarki, ranar kasuwa. Ya ƙi shiga ciki, muka zauna a zaure, Innarki ta aiko da fura bai taɓa ba. Ya rame. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, an ce ɗiyarka ce ka riƙon alƙalami can."

Na ce ita ce, amma ba ita ke yanke hukunci ba.

Ya ce, "Na sani. Ni dai yaron nan, tun da sunka riƙe shi, shanu ba su ci da kyau. Uwarshi ko ba a magana."

Na ce, "Arɗo, za su tambaye ka sunansa. Ka tafi da ƙanenka Jauro, shi ya faɗa."

Ya ce Jauro yana can ƙetare da ragowar garken, an aika masa, amma ruwa ya cika hanya, ba tabbas ya iso kafin ranar. Matan kuwa ba a kira su ba, kuma uwar ta fi shi kunyar sunan.

Sai na yi abin da na san bai dace ba. Na ce, "Arɗo, sau ɗaya ne. Ka rufe ido ka faɗa, Allah ya ga larura. 'Yancin yaron ya fi kunya."

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da yake yi wa saniyar da aka ce masa lafiyarta ƙalau alhali ya ga tana ɗingishi. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Kai ka yi boko, ka ga duniya. To taka ɗiyar, wadda ka riƙon alƙalamin, mi as sunanta? Faɗi in jiya."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Innarki tana bayan labule, na ji ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Na ce, "Ai ka san ta, Arɗo. 'Yar Kaoje."

Ya ce, "To."

Sai ya jawo furar ya sha.

Saboda haka kada ki sa rai zai faɗa. Wataƙila tsoron rasa ɗan ya rinjaye shi a ranar, amma ni ban ga alama ba, kuma ba na so rayuwar Bello ta rataya a kan wataƙila. Ga yadda nake ganin za a yi. Za a tambaye shi sunan. Zai sunkuya, ya ce yaron ne, ko ya ce mai shanun nan. Ki fassara daidai abin da ya ce, kada ki ƙara, kada ki rage, kuma kada ki faɗi sunan a madadinsa kamar daga bakinsa ya fito, wannan ƙarya ce ko da sunan gaskiya ne. Za a sake tambaya. Zai yi shiru. A nan wani daga cikin 'yan kwamitin zai jingina da kujera ya ce, ku gani, ko sunan bai sani ba. Wannan ne lokacinki, kuma gajere ne. Ki dubi shugaban zama ki ce, ranka ya daɗe, ina neman izinin yin bayani, wannan daga gare ni ne, ba fassara ba ce. In ya ba ki, ki faɗa a taƙaice: a al'adar mutanen nan uba ba ya furta sunan ɗan farinsa, kunya ce, ba ɓoyo ba. Sannan ki ba su mafita, don manya ba sa son a nuna musu matsala a bar su da ita. A jero masa sunaye daban-daban, na Bello a ciki, in an zo kansa zai ce shi ne. Ko a tambaye shi abin da uba kaɗai ya sani. Arɗo zai gaya musu a wace fadama aka haife shi, da tabon ƙaho da ke ƙaurinsa na hagu da sunan saniyar da ta yi masa shi, da haƙorin da ya karye. Sunan saniyar zai faɗa ba gargada. Sai su aika a duba jikin Bello.

Sauran aikin a kan takarda yake, kuma nan na fi jin tsoro, don a nan ba mai ganinki. In kin zo rubutawa, hannunki zai nemi gajeriyar hanya. Unwilling to say tana nan kusa, reluctant to name tana nan kusa, kalmomi kaɗan, sun yi kama da aikin ƙwararru. Ki bar gurbin nan babu komai. Ki rubuta abin da ya faru bi da bi: an tambaye shi sunan, ya ce kaza, an sake tambaya, ya yi shiru, tafinta ta nemi izini ta yi bayanin al'ada, an jero sunaye, ya tabbatar da wannan. Zai yi tsawo, zai yi kama da rubutun ɗan koyo. Na gaba da ke zai iya cewa ki taƙaita, ko ya ɗauki jan biro ya taƙaita miki da kalmar nan da muke gudu. In ya yi, ki gaya masa cikin ladabi cewa kalmar ta ce dattijon ya ƙi, alhali bai ƙi ba, kuma ba za ki iya sa hannu a ƙarƙashinta ba. Ki faɗa sau ɗaya, a natse, ba a gaban mutane ba.

Na san abin da nake ɗora miki. Sabuwa ce ke, mace ce ke a cikin maza masu furfura, kuma aikin na gwaji ne, ana iya cewa yarinyar nan ta cika kawo magana. Innarki ta ce mini, "Kai da ka yi naka ka gama, yanzu za ka sa a kore ta tun ba ta karɓi albashin fari ba?" Na ce ban sani ba. Gaskiyar kenan, ban sani ba. Ba zan ce miki in kin yi daidai lalle za a saurare ki ba, na daɗe a duniya fiye da in yi miki wannan alkawari. Yana yiwuwa a ƙi ba ki izinin bayanin ma. In an ƙi, ki rubuta cewa kin nema an ƙi, shi ma abin da ya faru ne, kuma wani a Birnin Kebbi zai iya tsayawa a kansa ya tambaya. Iyakar abin da ke hannunki kenan. Amma wannan ɗin a hannunki yake, ba a hannun kowa ba.

Abu ɗaya kuma. In an gama, kada ki je wurin Arɗo ki nuna masa kin yi masa wani abu. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki tambayi shanu. Shi ma ba zai yi miki godiya a fili ba, kada ki rubuta a ranki cewa slow to thank ne.

Ki duba saman takardar nan. Ba sunanki. Ke ce 'yar farina. Tun ranar da aka zo mini da albishir ɗin haihuwarki daga gidan kakanninki a Kaoje, ba ki taɓa jin shi a bakina ba, kuma ba ki taɓa zaton don ba na son ki ba ne, ko don ina shakkar ke tawa ce. Da wani zai tsaya gefe da biro ya rubuta cewa na ƙi faɗar sunanki, da kin ce masa bai san komai ba. A bayan ambulan na rubuta shi cikakke, saboda direba ya san wadda zai ba. Ni ina da wannan mafitar: abin da bakina ya kasa, hannuna yana yi. Arɗo bai iya riƙe biro ba. Ranar nan, hannun da yake da shi naki ne.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane, ya tsare harshenki da alƙalaminki daga ɗora wa bawansa abin da bai ce ba. Allah ya ba ki natsuwa lokacin da ɗakin zai yi shiru kowa ya juyo yana kallonki. Ya mayar da Bello rugarsu kafin matarsa ta sauka, ya dawo mana da ke lafiya. In an yi zaman, ko yaya ta kasance, ki kira. Wannan karon ba zan miƙa wa Innarki wayar da wuri ba.

Wassalam.

Mahaifinki.